SHIN WACE NA'URAR WASA CE TA FI ƘARFI?

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin birnin Katsina bayan la'asar, ko ta Ƙofar Ƙaura, ko Ƙofar Marusa, ko Sabuwar Unguwa, ba zai rasa ganin wani ɗan shago ba inda samari suka yi cincirindo a gaban akwatin talabijin, biyu suna buga ƙwallo da yatsu, sauran kuwa suna jiran layi. Wannan shi ake kira gidan gem. A irin waɗannan wurare, da ma ɗakunan kwanan ɗalibai, akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa, watau wace na'ura ce ta fi ƙarfi, wace ce kuma ta fi fid da hoto tangaran. Gardamar kuwa ba ta yara kaɗai ba ce, domin a ƙarshe aljihun uba ko na mai shago ne zai biya kuɗin abin da aka zaɓa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa na'urar wasa kwamfuta ce, kuma ƙarfinta ya rataya a kan abu uku. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke lissafa inda ƙwallo zai faɗi da yadda ɗan wasa zai juya. Akwai sashen zane, wanda ke mai da wannan lissafi hoto sau talatin ko sittin cikin kowane sakan. Sa'an nan akwai ma'ajiya, inda su biyun ke ɗora abin da suke aiki da shi, kamar teburin akawu. In ɗaya daga ciki ya gaza, sauran biyun sai su tsaya jiransa.

Tarihi ya nuna cewa lambobin da ake bugawa a jikin kwali ba su cika yanke hukunci ba. Alal misali, Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a Japan cikin 1988, ƙwaƙwalwarta tana bugawa sau miliyan 7.6 a sakan, alhali ta Super Nintendo, wadda ta biyo baya cikin 1990, ba ta wuce miliyan 3.58 ba. Amma ita ta Nintendo tana iya nuna launi 256 a lokaci guda, ta Sega kuwa wajen 60 kawai. Ɗaya ta fi gudu, ɗaya ta fi ado, aka yi ta musu shekara da shekaru.

Babban misali kuwa shi ne PlayStation 2 ta kamfanin Sony, wadda ta fito cikin 2000, ita ce kuma matasan ƙasar nan da yawa suka fara koyon ƙwallon talabijin a kanta. Ƙwaƙwalwarta ba ta cika bugu miliyan 300 a sakan ba, ma'ajiyarta kuma megabait 32 ce. Xbox ta kamfanin Microsoft, wadda ta zo cikin 2001, tana da bugu miliyan 733 da megabait 64, watau ta ninka ta. Duk da haka an sayar da PlayStation 2 fiye da miliyan 155, Xbox kuwa wajen miliyan 24. Dalili shi ne ta riga shiga kasuwa, wasanninta sun fi yawa, tana kuma kunna faifan DVD, abin da ya sa magidanci ya ɗauke ta tamkar bidiyon gida.

A wannan zamani ana awon ƙarfin zane da abin da ake kira terafulof, watau lissafi tiriliyan ɗaya cikin sakan guda. PlayStation 4 ta 2013 tana da 1.84. Cikin watan Nuwamba na 2020 sai PlayStation 5 ta fito da 10.28, Xbox Series X kuwa da 12. Wanda ya tsaya a nan zai ce shari'a ta ƙare, amma ba haka ba ne. Kamfani ɗaya ne, AMD, ya ƙera wa su biyun ƙwaƙwalwa, kuma kowace tana da ma'ajiya mai gigabait 16. Bambancin yana cikin sashen zane: na Xbox kamar leburori 52 ne masu aiki a natse, na Sony kuwa leburori 36 masu hanzari. Bugu da ƙari, rumbun da Sony ta sa yana miƙo wasa da saurin gigabait 5.5 a sakan, na Microsoft kuwa 2.4. Shi ya sa in aka jera su da wasa iri ɗaya, galibi sai mai ido ƙwarai ne zai iya rarrabe hoton wannan da na waccan.

To, a Katsina kuma akwai wasu alƙalai waɗanda kwalin bai ambata ba. Na farko shi ne akwatin talabijin. Hoton da ake kira 4K yana da ɗigo fiye da miliyan takwas, wanda ake kira 1080 kuwa miliyan biyu da 'yan kai. Mutumin da ya haɗa PlayStation 5 da talabijin mai ɗigo miliyan biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigon da ya biya wa kuɗi zai gani.

Na biyu shi ne wuta. PlayStation 5 takan ja wajen watt 200 in ana cikin wasa mai nauyi, alhali siririyar PlayStation 2 ba ta kai watt 50 ba. Ga mai shagon da ke tayar da janareta duk lokacin da aka ɗauke wuta, musamman tun da aka janye tallafin fetur cikin watan Mayu na 2023, wannan tazara kuɗi ce tsaba, domin man da zai riƙe sabuwa guda ɗaya zai riƙe tsofaffi huɗu, in an ware abin da talabijin ke ci. Wanda ya koma sola ma lissafin bai sake shi ba, sai dai ya koma kan girman batir.

Na uku kuwa yanayi ne. Duk wutar da na'ura ta sha zafi take komawa, fanka ce ke fitar da shi. A bazara, lokacin da awon zafi kan kai 40 a Katsina, fankar iska mai zafi take jawowa. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe kafofinta. Na'urar da ta fi ƙarfi ita ta fi buƙatar ɗaki mai sanyi da tsabta, wanda ba kowane shago ke da shi ba, ba kuma kowane gidan ma'aikaci ba.

Sai maganar farashi. An fara sayar da PlayStation 5 a kan dala 499. Da canjin da ya haura naira 1,000 a kowace dala tun 2024, wannan ya kai naira dubu 500 da ɗoriya, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar cikin watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau albashin wata bakwai ke nan, ba a ci ba, ba a sha ba, ba a kuma sayi faifan wasa ko ɗaya ba.

A ganinmu, magidanci ko ɗalibin da ƙwallo kawai ya dame shi, kuma ita ce ta dami akasarin masu shiga gidan gem, PlayStation 4 ta hannu ta ishe shi, tun da wasan EA Sports FC 25 da ya fito cikin 2024 an yi shi dominta ita ma. Sai dai kafin ya biya, ya sa a kunna masa ita ta yi rabin sa'a tana aiki, ya kasa kunne ya ji ƙarar fankar, ya kuma taɓa bayanta ya ji irin zafin da take fitarwa.