Tulu a Binne: Lambun Ma'aikacin da Ba Shi da Lokaci

Ma'aikacin da yake zaune a Hotoro, yake kuma aiki a Sharaɗa ko Challawa, sai ya ratsa birnin Kano daga gabas zuwa kudu maso yamma kowace safiya, ba kuma zai dawo gida ba sai gab da magariba. Na Bompai ya fi shi sauƙin tafiya, amma idan aikin dare ya faɗo kansa, wuni guda yake yi yana ramuwar barci. Irin wannan mutum sau da yawa yakan shuka alayyafo ko tumatir a bayan ɗaki da ɗoki, bayan mako uku ya tarar da su sun bushe ƙurmus. Galibi rashin ban ruwa a kan kari ne yake kashe su.

Damina a Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. A watannin Maris da Afrilu kuwa zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Ruwan da aka watsa a kan ƙasa da hantsi, yawancinsa tururi yake zama ya bi iska kafin saiwa ta same shi. Saboda haka mai ƙarancin lokaci yana buƙatar hanyar da za ta kai ruwa ƙarƙashin ƙasa, ta kuma riƙe shi a can.

Tulun ƙasa yana yin wannan aiki. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, su ne ma suke sa randa ta yi gumi ruwanta ya yi sanyi. Da wannan siffa ce Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi amfani wajen haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, aikin da ya samar masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Idan aka binne tulu har wuya aka cika shi, busasshiyar ƙasar da ke kewaye takan tsotsi ruwan a hankali. Da zarar ta jiƙa sai tsotson ya ragu. Idan saiwoyi suka shanye danshin sai ya sake ƙaruwa. Wato dai shukar ce take ƙayyade abin da za ta sha. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya rubuta bayaninta fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Ana dasa barkono, kuɓewa ko tumatir a zagaye da tulun, kamar taƙi ɗaya daga jikinsa. A cika shi duk bayan kwana uku ko huɗu, gwargwadon girmansa da zafin rana, a kuma rufe bakinsa da faifai ko murfi don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Tulun da aka shafa wa fenti ko siminti ba shi da amfani a nan. Sai a lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, abin da yake rage tururi ya kuma danne haki. Sai dai gara tana son irin wannan shimfiɗa, don haka kada a bari ta taɓa gindin shukar.

Zogale ma ya dace da mai fita aiki kullum. Reshe guda da aka kafa a farkon damina yakan kama, idan kuma aka sare kansa daidai ƙirji sai ya yi rassa inda hannu zai kai. Rama da yakuwa su ma ba su da wahala. Taki kuwa, kashin awaki da ya ruɓe da ɗan toka sun wadatar, irin wanda manoman kewayen Kano suka daɗe suna ɗiba daga cikin gari a kan jakuna.

Wurin da ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne asalin ruwan da ƙasar. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa suna jima da sinadarin kiromiyam, dattin ruwan masana'antun Bompai kuma yana gangarawa rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna taruwa a ƙasa, ganye ya zuƙe su, wanki kuma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jikin ganyen. Baƙar laka ta bakin magudanar masana'anta takan yi kama da taki mai kyau, amma bai kamata a ɗebo ta zuwa gida ba, haka nan duron da aka taɓa zuba sinadari a ciki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko kayan miya sun isa cika tulu biyu ko uku a gida mai iyali. Ruwan wanki mai omo kuwa gishirinsa yana toshe ƙofofin tulun, ya kuma lalata ƙasar sannu a hankali.