Kofin Shayi da Sigarin Lantarki a Ɗakin Mai Ba da Shawara: Ina Iyakar Take?

Cikin hanyoyin da ake bi wajen magance damuwa, firgici, ƙuncin rai da sabon shaye-shaye, akwai wadda ba ta buƙatar allura ko ƙwaya. Zama ne tsakanin mutum biyu: mai larura ya amayar da abin da ke cikinsa, ƙwararren da ya karanci halayyar ɗan Adam ya saurara, ya taimaka masa ya warware abin da ya ɗaure masa kai. A Amurka da Turai irin wannan zama ya zama ruwan dare, galibi sau ɗaya a mako, minti 50 kowane zama. Tun da magana da sauraro su ne kayan aikin, duk abin da ƙwararren ya yi a cikin waɗannan mintuna yana iya gyara maganin ko ya ɓata shi, har da abin da ya kai bakinsa. Shi ya sa ake ta kai ruwa rana a kan wata tambaya da za a ɗauka ƙarama ce: ya dace mai ba da shawara ya riƙa kurɓar shayi, ko zuƙar sigarin lantarki, alhali wani na gabansa yana zayyana masa ciwon ransa?

Daga hayaƙin Freud zuwa allon waya

Wanda ake dangantawa da kafa wannan hanya ta magani, Sigmund Freud na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, mashayin taba ne na gani-kashe-ni. Yakan sha kara kusan 20 na babbar taba a wuni, kuma zuwan majinyaci ba ya hana shi kunna ta. Majinyacin na kwance a doguwar kujera yana magana, shi kuwa yana zaune a bayansa hayaƙi na tashi. A 1923 aka gano masa ciwon daji a baki, aka yi masa aiki fiye da sau 30, bai kuma rabu da tabar ba har ya rasu a Landan a 1939. A zamaninsa, da shekaru da dama bayansa, farantin tokar taba na cikin kayan ofishin likita, ba mai ganin aibinsa.

Abin ya fara sauyawa bayan 1964, lokacin da babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya danganta shan sigari da ciwon daji na huhu. Daga baya bincike ya nuna cewa wanda ke zaune kusa da mai sha shi ma yana kwasar rabonsa. Ƙasar Ailan ta hana shan taba a wuraren aiki a 2004, Ingila ta bi sahu a 2007. A Nijeriya ma dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta sanya wuraren kiwon lafiya cikin inda aka haramta shan ta. Da haka sigari ya fita daga ɗakin shawara.

Abubuwa biyu suka dawo da maganar. Na farko shi ne sigarin lantarki, wanda wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro a 2003. Ba ya buƙatar ashana, ba ya barin toka, yana ɓuya a tafin hannu, don haka masu shan sa da yawa ba sa jin cewa taba suke sha. Na biyu kuma annobar korona ce ta 2020, wadda ta tilasta wa ƙwararru rufe ofisoshinsu su koma ganin mutane ta bidiyo a waya ko kwamfuta. Wanda ke aiki daga falonsa, da madafi a bayansa, sai ya fara yin abubuwan da ba zai taɓa yi a ofis ba. Nan masu neman shawara suka fara ƙorafi.

Dalilin da ƙaramin abu ke zama babba

A 1957 masanin nan ɗan Amurka Carl Rogers ya bayyana abubuwan da ya ga dole a samu kafin wannan magani ya yi aiki, ciki har da ƙwararren ya fahimci halin da mutum ke ciki kamar shi ne a ciki, ya karɓe shi ba tare da ƙyama ba, kuma mutumin ya gane cewa ana yi masa hakan. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya shafi maganarmu. Ko da hankalin ƙwararren na wurin, in mai magana bai ga alamar haka ba, aikin ya samu tangarɗa. Bincike na shekaru masu yawa ya nuna cewa ƙarfin amincin da ke tsakanin mutanen biyu yana cikin manyan abubuwan da ke nuna ko maganin zai yi nasara. Hausawa sun riga sun faɗa: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wanda ya zo yana ba da labarin fyaɗen da aka yi masa, ko mutuwar ɗansa, ko tunanin kashe kansa, idonsa na kan fuskar mai sauraro, yana neman alamar ko an gaji da shi. In a daidai lokacin da ya kai kan abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba aka ɗaga kofi aka kurɓa, ko aka fesar da tururi, zai iya haɗiye sauran maganar, kuma ba lallai ya sake ɗauko ta ba. Ga kuma rashin daidaito a tsakaninsu. Ɗaya ƙwararre ne, ɗaya mabuƙaci. Da wuya mabuƙaci ya iya cewa “don Allah daina”. Yakan yi shiru, wani lokaci ma ya daina zuwa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Kundin ƙa'idojin aiki na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka bai zauna yana lissafa abin da za a sha da wanda ba za a sha ba. Ginshiƙai ya kafa: a amfanar da mutum, a guji cutar da shi, kada matsalar ƙwararre ta ƙashin kansa ta shafi aikinsa. Daga nan ake fitar da ma'auni mai sauƙi. Mintunan nan na mai neman shawara ne, shi ya biya, shi ya zo da buƙata. Duk abin da ƙwararren zai yi, sai ya tambayi kansa: wannan yana taimaka mini in saurare shi, ko kuwa biyan buƙatata ce a lokacinsa?

Sigarin lantarki

Abin da ke fita daga wannan na'ura ba tururin ruwa zalla ba ne. Batir ne ke dumama wani ruwa da yawanci ke ɗauke da nikotin, sinadarin da ke sa sabon taba, tare da wasu sinadarai da kayan ƙamshi. Hukumomin lafiya a Ingila suna ganin illarsa ba ta kai ta sigari ba, har suna ba masu son barin taba shawarar komawa gare shi, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke jan kunne a kansa, Indiya kuma ta haramta shi baki ɗaya a 2019. Babu ko ɗayansu da ya ce ba shi da illa. Jihohin Kalifoniya da New York a Amurka sun sanya shi cikin dokokinsu na hana shan taba a rufaffun wuraren aiki.

A ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, mai ciwon asma ko mace mai ciki za su shaƙi abin da ba su nema ba. To, in ta bidiyo ne fa, inda ba iskar da ake tarayya a kanta? Nan ma akwai cutarwa. Masu nazarin sabon shaye-shaye sun tabbatar da cewa ganin wani yana sha, ko ganin kayan shan kawai, yana tayar wa mai ƙoƙarin bari ƙwaɗayi. Ƙwararre ba ya sanin tarihin mutum duka a zaman farko. Mai yiwuwa wanda ke kallonsa ya yi wata uku yana fama da kansa don ya rabu da taba, ko kuma ciwon huhu ne ya kashe mahaifinsa. Sannan da wane baki wanda ya kasa haƙurin minti 50 zai koya wa wani juriya?

Wannan ba ya nufin ƙwararre mai shan taba bai iya aikinsa ba. Shi ma ɗan Adam ne. Amma an tsara zaman a minti 50 ne don ragowar minti 10 su zama nasa, ya rubuta abin da zai rubuta, ya huta, ya biya buƙatunsa kafin na gaba ya shigo. Wanda ƙwaɗayi ke damunsa yana iya amfani da filastar nikotin da ake mannawa a fata, wadda ba mai ganinta.

Ruwa, shayi da kofi

Ruwa daban yake. Wanda ke ganin mutum shida ko bakwai a wuni maƙogwaronsa zai bushe, wasu magunguna ma suna busar da baki. Kofin ruwa a gefe ba laifi ba ne, kuma ya fi kyau a ajiye wa baƙo nasa. Shayi da kofi su ma ƙwararru da yawa ba sa ganin aibinsu, wasu ma suna ganin suna sa zaman ya yi armashi, mutum ya saki jiki. Abin lura shi ne lokaci da yanayi. A kurɓa a gaɓar da magana ta lafa, ba lokacin da hawaye ke zuba ba, kuma ba tare da ƙara ba, domin akwai masu wata larura da ƙarar tauna ko zuƙa ke tayar musu da hankali ƙwarai, balle ta bidiyo inda na'urar ɗaukar murya ke kusa da baki. Mai fama da larurar ƙin cin abinci, ko ta ci fiye da kima, shi ma ganin abin ci ko abin sha mai zaƙi na iya dagula masa lissafi. Tambaya ɗaya tun a zaman farko ta wadatar: “Zai dame ka in ina shan shayi muna magana?”

Giya kuwa babu ja-in-ja a kanta. Ƙwararren da ya zauna da majinyaci bayan ya sha abin da ke gusar da hankali ya ci amanar aikinsa, kuma hukumomin da ke ba da lasisi a Amurka da Birtaniya suna iya dakatar da shi ko su ƙwace lasisin.

Yadda abin ya shafe mu

Wannan hanya ta magani tana ƙara samun gindin zama a wurinmu, a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, da cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, da kuma ayyukan tallafa wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, sabuwar kuma ta ba da muhimmanci ga haƙƙin majinyaci da mutuncinsa.

Al'adarmu tana da nata ƙarin. A wurin Bahaushe, ka ci ko ka sha a gaban baƙo ba ka ce masa bismilla ba rowa ce da rashin tarbiyya. Ƙwararren da ya buɗe gorar ruwa ya kafa kai, dattijuwa na zaune gabansa ba a yi mata tayi ba, ya zubar da girmansa tun kafin ya buɗe baki. A watan azumi, ko da ƙwararren ba Musulmi ba ne ko yana da uzurin da ya sa ya ajiye azumi, ladabi ne ya jinkirta shan ruwansa har mai azumi ya fita. Tauna goro ana tsaka da magana shi ma yana cikin wannan babi. Akwai kuma abin da ya keɓanta da halin da muke ciki. Gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye, kuma sananne ne cewa a cikin gorar lemo ake yawan juye shi don a ɓatar da kama. Ga matashin da ke ƙoƙarin bari, gorar lemo a kan teburin mai ba shi shawara tana iya tuno masa da abin da ya gudo daga gare shi.

In mai neman shawara ne ke son sha fa?

Ruwa ko shayi a hannunsa ba matsala ba ne, yana ma taimaka wa mai fargaba ya natsu. In ya nemi zuƙar sigarin lantarki a ofis, dokar wurin ce ke aiki. In kuwa daga gidansa yake magana ta bidiyo, sai su daidaita a tsakaninsu, kuma ƙwararre mai lura zai kula da gaɓar da hannun mutumin ke kaiwa ga na'urar, domin sau da yawa a nan ciwon yake. Wanda ya zo a buge, galibi ɗage zaman ake yi zuwa wani lokaci, bayan an tabbatar zai isa gida lafiya.

Shawara ga mai zuwa irin wannan zama ita ce: in wani abu da ƙwararren ke yi yana damunka, ka faɗa. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Cewa “Likita, hankalina yana rabuwa in kana shan wannan” ya isa. Ƙwararren kirki zai gode maka, ya gyara, domin masana sun lura cewa saɓanin da aka fito da shi fili aka sasanta yakan ƙara wa aminci ƙarfi. In ya yi fushi ko ya ci gaba kamar bai ji ba, kana da damar neman wani, in abin ya kai ga maye kuma ka kai ƙara ga shugabannin wurin. Su kuma masu wannan aiki, su riƙa tambaya kafin su sha, su yi tayi in za su sha, su bar taba kowace iri ce har sai baƙonsu ya tafi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma ba masu kula da su ikon riƙe amana.