Daga MMM zuwa CBEX: Ribar da Ba Ta da Kasuwa



A watan Disamban 2016, ana daf da bikin Kirsimeti, wani tsarin zubin kuɗi mai suna MMM ya kulle asusun masu zubi a Najeriya, ya ce su yi haƙuri na wata guda. Alkawarinsa a da ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. Uban tafiyar, Sergei Mavrodi, tsohon hannu ne: tun 1994 ya yi wa 'yan ƙasarsa Rasha irin wannan aika-aika, har ya sha ɗauri.

MMM bai sayar da ko allura ba. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya, a kira shi taimakon juna. Wasu suka ɗauka adashe ne na zamani, alhali a adashe abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, kuma kowa ya san gidan uwar adashe.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba baƙo ke kawo tallar ba. Ƙani ne, ko abokin aiki, ko wanda ake haɗa sahu da shi, ya nuna saƙon banki a wayarsa, kuma da gaske an biya shi, da ladan kowane mutum da ya jawo. Sai ɗan fansho ya zuba kuɗin sallamarsa, bazawara ta kaɗar da akuyarta. Wanda ya yi tambaya a ce masa mai baƙin ciki. Idan harkar ta fashe, kunya ta hana kai ƙara, don wa zai kai ɗan'uwansa gaban EFCC?

A Afrilun 2025 wani dandali mai suna CBEX ya maimaita wasan, da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, wannan karon da sunan kirifto. Da kuɗi suka maƙale, fusatattu suka far wa ofishinsa a Ibadan.

Makonni kaɗan kafin nan aka sa hannu a dokar zuba jari ta 2025, wadda ta tanadar wa masu shirya irin wannan damfara tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun. Takardar rajistar kamfani ta CAC da 'yan damfara ke liƙawa a bango ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Wannan izini hukumar kula da harkokin zuba jari, SEC, ke bayarwa, kuma sunayen masu shi na nan a shafinta na intanet.