Dalilan Cijewar Uwar Garke Da Hanyar Binciko Su

Ana jan hankalin ma'aikatan da ke kula da kwamfutoci a ofisoshi da makarantu da asibitocin Jos da kewaye game da wata matsala mai ɗaure kai. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta, takan yi nauyi, ta cije, ko ta mutu ana tsakiyar aiki. Tun ƙarshen shekarun 1990 Jami'ar Jos ta fara haɗa kwamfutocinta da juna, saboda haka garin ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk da haka akan yi saurin cewa na'ura ta tsufa, a nemi kuɗin sabuwa, alhali sau da yawa laifin yana cikin manhaja.

Uwar garke takan zo da firosesa fiye da ɗaya, wato ƙwaƙwalen da ke yin lissafi. Mai raba musu aiki ita ce ƙwayar manhaja, wadda masana ke kira kanal. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fito da ita a 1991, sai a 1996 ta soma aiki da firosesa masu yawa. Ko a lokacin makulli ɗaya tak aka yi wa ƙwayar, idan firosesa ɗaya ta shiga sai saura su jira a ƙofa. Ba a gama kawar da makullin nan ba sai a 2011.

Idan nauyi ne matsalar, a fara tabbatarwa ko ƙwayar tana ganin dukan firosesa. A buga umurnin nproc, a gwada adadin da ya nuna da wanda ke cikin takardun na'urar. Tsohuwar ƙwaya da aka gina don firosesa ɗaya, ɗaya za ta ɗora wa kaya duka, saura suna zaune. Umurnin uptime kuwa yana nuna yawan ayyukan da ke layi. In lambar ta daɗe sama da adadin firosesa, aiki ya fi ƙarfin na'urar ke nan.

Mutuwar farat ɗaya ta fi wuyar sha'ani. Wani lokaci firosesa biyu ne ke taɓa bayani ɗaya a lokaci guda su lalata shi, wani lokaci kuma kowace ta riƙe abin da ɗayar ke jira, a yi cirko-cirko. Galibi ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin sadarwa ko faifan ajiya ce ke jawo haka. A tada na'urar da umurnin maxcpus=1, a bar ta ta yi kwanaki tana aiki. In mutuwar ta daina, zargi ya koma kan ƙwayar da ƙananan manhajojinta, sai a sabunta su. Wannan gwaji ne kurum, kada a bar ta haka. A riƙa rubuta ranar da lokacin kowace mutuwa, a duba su a kundin da na'urar ke ajiyewa.

Kada sanyin Jos ya ruɗi kowa. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, firosesa ta yi zafi ta kashe kanta ko da ɗakin yana da sanyi. Hawa da saukar wutar lantarki ma kan kawo irin wannan alama. Saboda haka a kakkaɓe ƙura, a duba batirin da ke riƙe wuta, a gwada ma'ajiyar wucin gadi da manhajar Memtest86+ kafin a taɓa ƙwayar.