Kayanka Suna Hanya, Amma Kana Gane Abin da Shafin Yake Faɗa?

Sayen kaya ta intanet ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Matar aure a Hotoro tana odar jakunkuna daga Sin ta sayar a WhatsApp, ɗalibi a Samaru yana sayen cajar kwamfuta daga Legas, mai gyaran waya a Farm Centre yana dakon gilasan waya daga Gwanju. Jumia da Konga sun fara aiki tun 2012, AliExpress ta riga su da shekara biyu, Temu kuwa ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024 da tallan da ya hana kowa sakat. Zaɓen kaya ba ya ba kowa wahala, ko da karatunsa bai yi nisa ba, domin hoto da farashi ba sa buƙatar tafinta. Wahalar tana farawa ne bayan kuɗi sun fita daga asusu. Daga nan abin da ya rage tsakaninka da kayanka shafi ne guda na bin sawu, cike da gajerun jimloli na Turanci, wani sa'in Faransanci, wani sa'in ma rubutun Sinanci.

Wanda ya saba aike ta tasha ya san yadda ake yi. A ba direba kaya a Unguwa Uku, a turo maka lambarsa, kai ta kira kana jin "mun wuce Zariya", "mun tsaya salla", "fito ka same ni a Kawo". Shafin bin sawu shi ne ya maye gurbin wannan direba, sai dai shi ba ya jin yarenka, kuma ba dama ka ce masa ya maimaita. A wannan giɓi ne mutane suke asarar kuɗi, wasu saboda rashin gane abin da aka rubuta, wasu kuma saboda 'yan damfara sun gano cewa ba a ganewa.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, shafin ba ya ganin kayanka suna tafiya. Duk ƙunshi yana ɗauke da 'yar takarda mai zane-zane baƙaƙe, kuma sai ma'aikaci ya haska ta da na'ura a wani zango sannan sabon layi ya bayyana a wayarka. Idan kaya suna cikin jirgi ko suna jiran layi a ɗakin ajiya, shafin zai yi shiru na kwanaki, kuma shirun ba ya nufin sun ɓata. Abin yakan ƙara tsanani lokacin hutun sabuwar shekarar Sin, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, da makon farko na Oktoba, da kuma bayan gwanjon 11 ga Nuwamba, lokacin da kaya suke yi wa kamfanonin jigila yawa.

Akwai layuka uku da suka fi cutar mutane. Na farko shi ne wanda ke cewa an buga takardar aike, ko an karɓi bayanin kaya. Da yawa suna ganinsa sai su ce alhamdulillahi, kaya sun taso. Ba su taso ba. Ma'anarsa kawai mai shago ya yanki lamba. Mai yiwuwa kayan suna nan kan kantarsa, mai yiwuwa ma babu su kwata-kwata. Mai sayarwa marar tsoron Allah yakan tsaya a nan, yana ta ba ka haƙuri, har wa'adin neman a maido maka da kuɗinka ya wuce. In ka ga layin nan ya daɗe bai motsa ba, duba ranar da wa'adin zai ƙare, ka shigar da ƙorafi a cikin manhajar kafin ranar. Kada daɗin bakinsa ya sa ka jira.

Na biyu shi ne "Delivered", wato an miƙa kaya, alhali kai ba ka ga komai ba. Sau da yawa ana nufin sun isa shagon karɓa na unguwarku, ko kuma, ga masu oda ta hannun ejan, sun isa ɗakin ajiyar ejan ɗin a can Sin, tafiya ma ba ta fara ba. Haɗarin yana wurin maɓallin da ke neman ka tabbatar ka karɓa. A manyan kasuwannin intanet kuɗinka suna tsare a hannun kamfanin, danna wannan maɓalli kuwa shaida ce daga bakinka cewa a sakar wa mai sayarwa. Akwai masu dannawa don suna tsammanin yana nufin "ina jiran kayana". Kar ka taɓa shi sai kaya sun zo hannunka ka buɗe ka duba.

Na uku shi ne wanda ke cewa an zo ba a same ka ba. Ɗan aike ya kira, waya tana kashe ko babu sabis, ya juya. In aka yi haka 'yan lokuta ba ka nema ba, sai a mayar da kayan inda suka fito.

Yanzu sai babbar magana. Mai jiran kaya hankalinsa a tashe yake, kuma ya riga ya saba da samun saƙonnin da bai cika ganewa ba. Wannan shi ne abincin ɗan damfara. Saƙo zai shigo wayarka da sunan gidan waya ko wani sanannen kamfanin jigila: adireshinka bai cika ba, ko an tsare kayanka a kwastam, biya 'yan kuɗi kaɗan cikin awa 24 in ba haka ba a mayar da su. A ƙasa ga mahaɗi shuɗi. Ka danna, sai ga shafi mai tambari da launi iri ɗaya da na gaske, har da taswira da 'yar mota tana tafiya. Ba 'yan kuɗin da suka nema suke so ba. Lambar katinka suke so, da lambobi ukun da ke bayansa, da lambar sirrin da banki zai turo maka. Ba su ma san ko ka yi oda ba. Dubban mutane suke tura wa a lokaci guda, sun san dole a samu mai jiran kaya a ciki.

A nan akwai wani ruɗani da rashin jin yare ke haifarwa. Wasu kamfanoni suna turo lambar karɓar kaya, wadda za ka faɗa wa ɗan aike bayan ya miƙa maka ƙunshinka. Banki kuma yana turo lambar amincewa da cire kuɗi. Dukkansu gajerun lambobi ne a cikin saƙon Turanci, kuma ga wanda ba ya karanta jimlar da ke kewaye da su, kamarsu ɗaya. Sai wani ya kira ya ce, "Hajiya, ni ne mai kawo kaya, karanto min lambar da aka turo miki." Duba sunan wanda ya turo saƙon. In banki ne, babu mai kawo kaya a duniya da yake da hurumin jin wannan lamba.

Kuma kada wani ya ɗauka cewa saƙo da Hausa shaida ce ta gaskiya. Da can akan gane 'yan damfara da karyayyen Turanci. Yau injin fassara yana hannun kowa, kuma wasunsu 'yan gida ne, da sallama da "insha Allahu" za su fara. Abin takaici ma, sun riga kamfanonin gaskiya gane cewa mutum ya fi sakin jiki da wanda ya yi masa magana da harshensa.

Hanyar kariya ba ta da tsada. Kada ka bi mahaɗin da ya zo ta saƙo. Buɗe manhajar da ka yi odar da kanka, ka duba a can. In kayan ta gidan waya suka biyo, lambarsu tana da tsari na duniya: gurbi 13, haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, haruffa biyu na ƙasar da suka fito a ƙarshe, CN na Sin, NG na Najeriya, NE na Nijar. Kwafe ta ka saka a shafin kamfanin jigilar, ko a 17TRACK mai tattaro bayanai daga kamfanoni da yawa. Batun kwastam kuwa, ba a biyan harajin gwamnati a asusun wani mutum mai suna wane ɗan wane. A watan Satumba na 2025 ma hukumar kwastam ta Najeriya ta sanar da yafe haraji ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, bisa wasu sharuɗɗa. Don haka mai neman "kuɗin fito" a kan takalmi ƙafa ɗaya ya cancanci a yi masa tambayoyi. In kuwa ka riga ka saka lambar kati a irin wancan shafi na bogi, kira bankinka nan take a toshe katin, kar ka bari sai gobe.

Google ya saka Hausa cikin manhajar fassararsa tun 2013, kuma Chrome yana iya juya shafi gaba ɗaya zuwa Hausa. Yana taimakawa, amma da sa ido, domin inji kan ɗauki odar kaya ya mai da ita "umarni". Kwanan wata ma yana ruɗarwa: 03/04 a shafin Amurka 4 ga Maris ne, a namu 3 ga Afrilu. Agogon Sin kuma yana gaban namu da awa bakwai, wa'adi zai iya cika a can kai kana barci a nan.

A ganina dai, nauyin bai kamata ya tsaya kan mai saye shi kaɗai ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta. Faransa tun 1994 ta wajabta a yi wa masu saye bayani da Faransanci. A Nijar, kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko ta fuskar riba ma lissafin a fili yake: binciken da CSA Research ta yi a ƙasashe 29 a 2020 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na masu saye ta intanet sun fi son kayan da aka yi bayaninsu da harshensu, kashi 40 kuma ba sa saye ko kaɗan a shafin da ke wani harshe.

Dalilin da ya sa shafin bin sawu yake zama saniyar ware ko a shagon da aka fassara shi ne, layukan ba daga shagon suke fitowa ba, daga kwamfutar kamfanin jigila suke zuwa. Sai ka ga tallan da Hausa, farashi da Hausa, amma wurin da aka fi buƙata ya koma Turanci. Gyaran ba gagara ba ne, tunda jimlolin ƙalilan ne kuma su ake ta maimaitawa. A zaunar da Bahaushe wanda ya san harkar ya rubuta kowacce yadda mutane suke magana, ya kuma ƙara abin da mai saye zai yi: "kayanki suna shagon karɓa, ki je da wannan lamba kafin ranar kaza." Harshen da mutum ya zaɓa kuma ya bi shi har cikin saƙon waya da imel. Masu haɗa manhaja su sani cewa ƙ da ɗ da ɓ suna rage tsawon saƙon waya guda daga haruffa 160 zuwa 70, don haka a taƙaita magana maimakon a yar da haruffan.

Ƙananan 'yan kasuwa masu sayarwa a Instagram da WhatsApp su ma abin ya shafe su, ko da ba su da shafin bin sawu. Yawancin abokan cinikinsu sun fi gane saƙon murya a kan rubutu, akwai ma waɗanda ajami kawai suke karantawa. Ranar da aka yi ciniki a faɗa wa mai saye da baki ta wace hanya kayan za su zo, wace lamba ce za ta kira shi, nawa ne kuɗin kawowa, kuma wa zai ba. A gaya masa ƙarara cewa bayan wannan babu wani kuɗi, kuma duk wanda ya kira ya nemi ƙari ko ya nemi lamba, ya kashe wayar ya kira mai shago tukuna.