Gardamar Maharban Amurka A Kan Harsashin Harbin Barewa

A kowace shekara, da zarar sanyin watan Nuwamba ya fara shiga ƙasar Amurka, miliyoyin maharba ne ke ɗaukar lasin su nufi daji don farautar barewar nan mai farar wutsiya. Tare da su kuma tsohuwar gardamarsu ke tashi, watau wane harsashi ne ya fi dacewa da wannan dabba.

Dattawa daga cikinsu sun fi amincewa da .30-30, wanda kamfanin Winchester ya fito da shi a 1895. Ba ya tafiya da nisa, amma a cikin kurmi, inda ba safai harbi ke wuce yadi ɗari ba, ya wadatar. Wasu kuwa ba su yarda da kome ba sai .30-06, harsashin da sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906. A 1925 aka fito da .270, mai ƙaramin kai da saurin da ya haura ƙafa 3,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kansa ne manyan marubuta biyu suka daɗe suna sa-in-sa. Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life ya tsaya a kan cewa ƙaramin harsashi mai sauri, in ya sami inda ya kamata, ya gama aiki. Elmer Keith kuwa bai ga amfanin kome ba sai babba mai nauyi. Dukansu biyu sun mutu ba su sasanta ba, ga shi kuma tun daga 2007 matasa sun sami nasu abin yabo, watau 6.5 Creedmoor.

Sai dai wanda ya duba da kyau zai ga cewa rabin gardamar nan surutu ne kawai. Kowane ɗaya daga cikinsu yana kashe barewa. Abin da ke raba kisa nan take da rauni, wanda dabba za ta gudu da shi ta je ta ruɓe a daji, shi ne ƙirar kan harsashin da kuma inda ya sauka. John Nosler ya ga haka a 1946 a ƙasar Kanada, sa'ad da harsashinsa ya farfashe a jikin wani ƙaton dabba dangin barewa bai shige ba. Da ya koma gida sai ya ƙera wani mai shamaki a tsakiya: dalmar gaba ta buɗe, ta baya ta riƙe nauyi ta ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da shi.

Wannan ne ya sa maharba da yawa ke ɗura harsashinsu da kansu. Sukan tara kwanson da aka harba, su gyara bakinsa, su sa sabon makunni a gindi, su auna albarushi, sa'an nan su zaɓi kan da ya dace da bindigarsu. Maharbinmu na gargajiya ma yana ɗura tasa, amma shi da ido yake awo. A can kuwa da sikeli ake yi, da ma'aunin giren, wanda sai an tara 7,000 ake samun laba ɗaya, domin ɗan ƙari kaɗan yana iya fasa bindiga a fuskar mai ita. Saboda haka mai hankali ba ya ƙetare abin da littafin kamfanin albarushi ya ƙayyade.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Tun ran 1 ga Yuli, 2019, jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya, domin ɓarɓashinta da ke saura a kayan cikin da ake yarwa yana kashe wata irin babbar ungulu da ta kusa ƙarewa. Harsashin tagulla da ya maye gurbinsa ya fi tsawo ko da nauyinsu ɗaya, don haka tilas mai ɗuri ya ajiye tsohon awonsa, ya sake gwaji tun daga ƙasa.