Daure Ko Ɗaure? Harafin Da Ya Ɓata A Bakin 'Ya'yan Zangon Ayigya

Duk falken da ya taɓa sauke albasar Galmi a Kumasi, ko ya ɗauki huhun goro daga nan zuwa Paga, ya san cewa Hausar zango da ta arewa uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kunne ba ya rasa bambance su. A Zangon Ayigya, unguwar da ke daura da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, yaro zai ce maka "dari biyu" inda Bakatsine zai ce ɗari biyu, ya ce "daki" maimakon ɗaki, gyaɗa kuwa ta koma "jada". Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne, domin sunan unguwar kansa a rubutun Twi ne ake sa "gy", a baki Ayija ake cewa.

Galibi zancen yakan wuce lafiya, tunda mai saye da mai sayarwa kowa ya san abin da ya kawo shi. Sai dai akwai kalmomin da wannan ɗan bambanci kaɗai ya raba su. Idan maigida a Maraɗi ya ce wa yaronsa ta waya "ka daure", haƙuri yake ba shi. Idan ya ce "ka ɗaure", igiya yake nufi, wato a haɗa kaya a tayar da mota. Kunnen da bai saba raba biyun ba yana iya loda kayan da aka ce ya jira farashinsu ya tashi, kuma wanda ya san kuɗin mota daga Kumasi zuwa Birnin Ƙonni ya san wannan ba wasa ba ne. Haka doki da ɗoki, fada da faɗa, kada da kaɗa, daka da ɗaka, har da "da" da "ɗa".

To mene ne ainihin bambancin? Mai karatu ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa ya ce "da", sannan ya ce "ɗa". A duka biyun kan harshe yakan tashi ya toshe iska a bayan haƙoran sama, wurin da malaman Hausa ke kira hanƙa. Amma wajen furta ɗ maƙogwaro yakan ɗan yi ƙasa, kamar mai shirin haɗiyar wani abu, shi ya sa suka raɗa wa irin wannan sauti suna haɗiyau, shi da ɓ. Fulfulde na da su, ga sunan Fulɓe ma ya ishe mu shaida. Twi ba shi da su. Dagbani da Mosanci, waɗanda masu su suka cika zangunanmu, su ma haka.

A nan ne tarihin ya shigo. Hausar ƙasar nan goro ne ya kawo ta, ta hanyar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watse zuwa Kete Karaci da Yeji da sauran garuruwa, da Turawan Ingila suka kama Kumasi a 1896 kuma zango ya yi ta cika. Ba Hausawa zalla suka zauna ba: akwai Mosawa, Dagwambawa, Zabarmawa, Kotokoli, Wangarawa, Gurunsawa, kowa da harshen gidansu, Hausa ce ta zama ta kasuwa da masallaci. Wanda ya koyi harshe da girma yakan maye sautin da bai iya ba da mafi kusa da shi a harshensa, 'ya'yansa kuma su taso su ji haka a tsakar gida. Ta wannan hanya ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƙ ta koma k. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta mayar da ɗimbin mutane Nijeriya da Nijar, ta ƙara rage masu furucin arewa a unguwanni.

Su ma Turawa sun taimaka wajen ɓatar da ita a takarda. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin ƙasar nan da Kano kafin ya shahara a cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955, har gobe Dantata ake rubuta sunan gidansa. Haruffa masu lanƙwasa sai cikin shekarun 1930 suka zauna a boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa su. Masu ajami kuwa tun da can sun warware matsalarsu.

Abin da suka yi shi ne, suka ɗauki dal na Larabci ya tsaya wa d, suka ɗauki harafin nan mai hannu a sama, na farkon kalmar ɗalibi, ya tsaya wa ɗ. Balarabe ba ya furta shi kamar mu, a bakinsa "t" ce mai kauri, amma kunnen kakanninmu ya ji ta kusa da ɗ, shi ya sa muke da ɗalibi, ɗabi'a, ɗawafi, ɗariƙa, sharaɗi da shaiɗan. Mafi ban sha'awa shi ne harafin da almajirai ke kira lodi. Larabawan yau "d" mai kauri suke furta shi, har suna yi wa harshensu kirari da sunansa. Mu kuwa "l" muka mayar da shi: alƙali, alwala, farilla, larura, lamiri. Wasu matasan da suka yi karatun tajwidi suna ɗaukar wannan kuskuren tsofaffi ne kawai. A ganinmu su yi a hankali, domin Sibawaihi, malamin nahawu na ƙarni na 8, ya bayyana cewa daga gefen harshe ake fitar da shi, wato kusa da "l". Mutanen Sifen ma da suka ari kalmar alƙali daga Larabawan Andalus, alcalde suka ce, kuma da ita suke kiran magajin gari har yanzu.

Ko "d" ɗin da muke gani kamar ɗaya ce a ko'ina, ba ɗaya ba ce. Bafaranshe harshensa haƙora yake taɓawa, Baturen Ingila nasa a hanƙa yake tsayawa, Ba'indiye kuma idan yana Turanci naɗe kan harshe yake yi ya kai shi baya. Cikin Indiyawan da suka daɗe da kantuna a Akara da Kumasi akwai 'yan Sindi da yawa, kuma harshen Sindi yana da haɗiyau irin namu, abin da ba kasafai ake samu ba a yankinsu. Sautin farkon kalmar Turanci "this" kuwa, ɗan Kumasi "d" yake mayar da shi, Bakano ya mayar da shi "z". Kowa da tasa gurguwar, don haka falken arewa da ke dariyar "dari biyu" ya tuna ana jiran sa a gaba.

Masu bin hanyar Aflawo zuwa Lome su lura da wani abu. Harshen Ewe yana da d iri biyu, har da harafi na musamman, ɖ, mai wutsiya a ƙasa. Ba namu ba ne. Nasu harshe ake ɗan ja baya, ba ruwansa da maƙogwaro, namu kuma ƙugiyarsa a sama take. Wanda zai buga rasit ko allon shago da Hausa a wajen mai ɗab'in da ya saba da aikin Ewe, ya duba da idonsa kafin a buga.

Wayoyin yanzu suna da madannin Hausa mai ɗauke da ɗ da ɓ da ƙ, kyauta ake sauke shi, amma mafi yawanmu ba mu damu da sa shi ba, ciniki kuma ya koma saƙon murya a WhatsApp. Idan saƙon ya shafi kaya ko kuɗi, kalmar da ba ta da tagwai ta fi: a ce "ka jira" ko "ka loda", adadi kuma a rubuta shi da lamba, a faɗi ko sidi ne, ko sefa, ko naira.